Tsofaffin Kwamfutocin Keffi da Masu Yanke Musu Wa'adi

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya ce wa'adin kulawar da ya saba bai wa Windows 10 ya cika. A Keffi ko gezau. Masu shagunan buga takardu a Liman Abaji da Angwan Rimi da bakin ƙofar jami'a sun buɗe kamar kullum, wanda babu wuta a layinsa ya tada janareta, ɗalibai suka ci gaba da miƙa filashi ana buga musu aikin makaranta. Ai kwamfuta ba ta mutuwa ranar da mai manhaja ya janye hannunsa. Tana nan tana aiki, sai dai duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano a jikinta daga baya, babu mai toshewa, in ba ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi ba.

Wanda ya san kasuwar kwamfuta a wannan yanki ya san asalin na'urorin. HP EliteBook ne da Dell Latitude da ThinkPad waɗanda suka gama aikin ofis a Turai da Amurka, aka sauke su a Legas, suka kwana a kasuwar Ikeja, wasu suka biyo ta Banex a Abuja, sannan suka ratso Nyanya da Mararaba da Masaka suka iso Keffi. Mai sayarwa zai ce maka 'yar Beljiyam ce, ba a taɓa buɗe ta ba. Da yawansu ƙirar 2011 zuwa 2015 ne, kuma ƙarfinsu na nan. Amma Windows 11 tana neman ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. EliteBook 8470p, wadda ta fito a 2012 da ƙwaƙwalwa zubi na 3, ba ta cikin waɗanda aka gayyata. Masu gyara sun san dabarar tsallake sharaɗin, kuma suna yi. Abokin ciniki dai cewa yake yi, “Malam, a yi mini fomatin, a sa mini ta yayi,” ba ya tambayar ta wace ƙofa aka shigo da ita.

Duk wanda ya ɗan karanci harkar zai ce ga mafita: a sa Linux. Gaskiya ne, Linux na tada tsohuwar na'ura, ba a biyan kuɗin lasisi, kuma lasisinta na GPL ya ba kowa damar karanta asalin rubutun manhajar, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ita ma tana da masu yanke wa na'urori wa'adi. Bambancin kawai, su a bainar jama'a suke muhawararsu, kuma ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya zo da aiki a hannu. A 'yan shekarun nan muhawarar ta iso daidai kan irin kwamfutocin da ke kan teburan Keffi.

Aikin dashe

Lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya sanar da aikinsa na Linux ranar 25 ga Agustan 1991, ya faɗa da bakinsa cewa abin sha'awa ne kawai, an ɗinka shi a jikin ƙwaƙwalwar Intel 386, kuma ba ya jin zai yi aiki da wani faifan ajiya in ba irin nasa ba. Ba a yi shekara biyar ba aka dasa shi a kan na'urar Alpha ta kamfanin DEC. Yau zuciyar Linux ce ke cikin kowace wayar Android, kuma tun Nuwamban 2017 ita ce ke tafiyar da duka manyan kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya.

Dashe aiki ne na haƙuri. Kowace irin ƙwaƙwalwa tana da umarnin da take ganewa, da yadda take jera lambobi a ma'adanarta, da yadda take farkawa in an danna maɓalli. Mai dashe zai fara da manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa umarnin na'ura, ya tabbatar tana fitar da abin da sabuwar ƙwaƙwalwar za ta fahimta. Daga nan ya rubuta ɓangaren da ke tada na'urar, wani lokaci ya yi makonni yana kallon baƙin allo kafin harafi ɗaya ya bayyana. Sai direbobin allo da na sauti da na batir da na Wi-Fi, kowanne da rigimarsa. In duk wannan ya kammala, dubban manhajojin da ke hawa sama suna jira a sake harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Debian 13, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ita kaɗai tana ɗauke da ƙunshin manhaja kusan 70,000.

Wannan duk somin taɓi ne. Ana fitar da sabon zubin zuciyar Linux kusan duk mako 9 zuwa 10, kuma kowane zubi yana iya karya abin da ke aiki jiya. Dole a samu wanda ke da na'urar a gabansa, ya gwada, ya ga abin da ya lalace, ya aika faci. A cikin rubutun Linux akwai wani dogon fayil mai suna MAINTAINERS, inda aka jera kowane sashe da sunan mai kula da shi da matsayinsa: wanda ake biyan wani ya kula da shi, wanda wani ke riƙe da shi don kansa, wanda sai jefi-jefi ake leƙawa, da wanda aka rubuta masa maraya. Sashen da ya daɗe a maraici, wata rana wani zai tambaya ko akwai mai amfani da shi. In aka ji shiru, a cire.

Haka aka cire tallafin 386 ɗin da aka haifi Linux a kanta, a zubi na 3.8 da ya fito a 2013. A 2018 aka share nau'o'in ƙwaƙwalwa 8 a tashi ɗaya. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Itanium da Motorola 68000. Itanium ƙwaƙwalwa ce da Intel da HP suka zuba wa maƙudan kuɗi, ta fito a 2001 da niyyar mamaye manyan kwamfutocin kamfanoni. An fitar da ita daga Linux a zubi na 6.7, cikin Janairun 2024, saboda ta zama kaya ga masu kula da wasu sassan kuma masu tsaya mata sun yi ƙaranci. Dangin Motorola 68000 kuwa, waɗanda asalinsu ke komawa 1979, har yanzu suna ciki, don wasu 'yan tsirarun masu sha'awar tsofaffin Amiga da Atari ba su taɓa daina gwaji da aika gyara ba. Tsufa bai kori wannan ba, kuɗi bai ceci wancan ba.

Kiran suna a Debian

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a Agustan 1993, ita ce uwar Ubuntu da Linux Mint da wasu da dama, don haka hukuncinta yana gangarowa ƙasa. Kafin kowane babban zubi, masu shirya fitarwa sukan yi kiran suna: wa zai tsaya wa wannan nau'in na'ura har ƙarshen wa'adi? Ana son mutane da sunayensu, da na'urorin harhaɗawa masu aiki dare da rana, da shaidar cewa akwai masu amfani. Da Debian 13 ta fito ranar 9 ga Agustan 2025, an karɓi ƙwaƙwalwar RISC-V mai bit 64 a hukumance karon farko, sannan aka sauke tsohon tsarin Intel mai bit 32 daga matsayinsa: babu sabuwar zuciya, babu manhajar girkawa. Arch Linux ta riga ta yi haka tun 2017, Fedora da Ubuntu kuma a 2019.

Masu son a cire suna da hujja mai ƙarfi. Manyan manhajoji irin su Firefox sun yi girman da harhaɗa su a tsarin bit 32 ya zama wahala. Gyaran tsaro na zuwa a makare ko ba a gwada shi sosai. Ga kuma matsalar agogo: tsofaffin tsare-tsaren suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970 a cikin ma'auni mai iyaka, kuma ma'aunin zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya. Masu son a bari kuma sukan kawo maganar ƙasashe masu tasowa, su ce akwai talakawa a Afirka da ke dogaro da irin waɗannan na'urori. Amsar da ake ba su ba ta sauyawa: ina suke, wa zai gwada, wa zai gyara?

A ganina ɓangarorin biyu suna maganarmu ne ba tare da sun san kasuwarmu ba. Yawancin kwamfutocin da ake cewa masu bit 32 ne a nan, Windows ɗin da aka ɗora musu ce mai bit 32, ƙwaƙwalwar kuwa tana iya ɗaukar 64. Kusan duk wadda ke da Core 2 Duo zuwa sama ta tsira. Waɗanda hukuncin Debian ya shafa da gaske su ne masu Pentium M, da Core Duo na farko, da ƙananan nan masu Atom N270 da aka yi yayinsu wajen 2009. Barazanar da ta fi kusa da mu wata ce daban. Red Hat Enterprise Linux 10, wadda ta fito a 2025, tana neman ƙwaƙwalwa daga zubin Haswell na 2013 zuwa sama, har sai da AlmaLinux ta harhaɗa nata zubin na daban don waɗanda suka girmi haka. In wannan ra'ayi ya bazu zuwa sauran, EliteBook 8470p da ThinkPad T420 za su tsinci kansu a waje karo na biyu.

Akwai wani abu ƙarami da ke da tasiri a irin wannan muhawara. Debian tana da wata manhaja ta ganin dama, popularity-contest, wadda in ka yarda take aika rahoton nau'in na'urarka da manhajojin da kake amfani da su duk mako. Alƙaluman da take tarawa suna cikin abin da ake dubawa. Kwamfutar da ke shagon Liman Abaji, wadda ba a haɗa ta da intanet sai an kunna data a waya an ba ta aro na minti goma, ba za ta taɓa shiga wannan ƙidaya ba ko da Debian ce a cikinta.

Abin da ya faru a 2006 da 2007

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Wajen 2006 wani kamfanin cikin gida, Leapsoft, ya fito da Wazobia Linux, da niyyar mutum ya yi amfani da kwamfuta da Hausa ko Yarbanci ko Ibo. A 2007 shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, OLPC, ya raba ƙananan kwamfutocinsa masu launin kore da fari a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, tafiyar da ba ta da nisa daga Keffi. Linux ce a cikinsu, dangin Fedora, a kan ƙwaƙwalwar AMD Geode da ma'adana megabait 256. An yi ta maganar gwamnati za ta sayi miliyan ɗaya, maganar da ba ta tabbata ba. A Nuwamban shekarar wani kamfani mai suna Lancor ya kai OLPC ƙara a Legas, yana zargin an kwaikwayi allon madannansa na Konyin mai haruffan harsunan Najeriya, ya nemi diyyar dala miliyan 20.

A ƙarshen Oktoban 2007 ɗin dai shugaban kamfanin Mandriva na Faransa, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer. Ƙorafinsa shi ne an yi cinikin kwamfutocin Classmate 17,000 don makarantun Najeriya ɗauke da Mandriva Linux, sai ga labari cewa za a goge ta a sa Windows. Maganar ta zagaya duniya. Mandriva kanta ta rufe a 2015, ko da yake masu sa kai sun ci gaba da aikin a ƙarƙashin Mageia da OpenMandriva.

Duk hayaniyar wancan lokaci a kan saye da rabawa aka yi ta: na'ura nawa, kwangilar wa, manhajar wa za a ɗora. Wanda zai zauna da manhajar shekara biyar yana gyara ta bai shiga lissafi ba. Kowa a Keffi ya san rijiyar burtsatsen da aka buɗe da kiɗa da jawabi, bayan wata shida famfo ya lalace, aka rasa wanda alhakin sayen ƙaramin ƙarfe ɗaya ke wuyansa.

Abin da ya rage daga wancan zamani yana nan, kuma ana iya taɓa shi. A cikin glibc, ginshiƙin da kusan kowace manhaja a Linux ke jingina da shi, akwai fayil mai suna ha_NG, wanda ke gaya wa kwamfuta sunayen ranaku da watanni da Hausa, da alamar naira, da inda ɓ da ɗ da ƙ suke faɗawa in ana jera sunaye. A cikin jerin allunan madannai akwai na Hausar Najeriya da na Hausar Gana, ba sai ka sauko da komai ba. Daga baya mai rubutun ajami ma ya samu Alkalami, salon haruffan da ƙungiyar SIL ta zana bisa hannun marubutan Kano, kuma yana cikin rumbun Debian. Waɗannan sun daɗe saboda ba sa bukatar taɓawa kullum.

Fassara ba haka take ba. Wani ɓangare na Hausar da aka yi wa Wazobia Linux ya shiga rumbun GNOME, manhajar da ke zana tebur da tagogi a Ubuntu da Fedora. In ka buɗe irin wannan fayil za ka ga layi biyu-biyu: jimlar Turanci a sama, ta Hausa a ƙasa. Ranar da mai manhaja ya sauya ko da kalma ɗaya a ta Turancin, sai a yi wa ta Hausar alamar shakku, kwamfuta ta daina nuna ta har sai wani ya duba ya amince. GNOME na fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, a Maris da Satumba, kuma a 2011 ta sauya fasalin teburinta gaba ɗaya. Don haka wanda ya zaɓi Hausa a yau zai ga kalma ɗaya ta Hausa nan, goma na Turanci can. Babu wanda ya kori Hausa daga ciki. Ana ta kiran suna ne duk wata shida, ba mai amsawa.

Masu riƙon ma sun gaji

Kada a ɗauka can inda ake da wuta da intanet komai lafiya. A ƙarshen Maris ɗin 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfutarsa daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar sirri a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux. Shekaru da dama mutum ɗaya, Lasse Collin, ke riƙe da ita ba albashi. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka masa da gyare-gyare na gaskiya, wasu sunaye kuma suna matsa masa lamba cewa aiki ya yi masa yawa, ya ba wani dama. Da amana ta samu, sai aka zuba guba a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. An kama abin kafin ya kai ga yawancin jama'a, kuma sa'a ce kawai. Watanni kaɗan kafin nan, a Satumban 2023, an sanar cewa zubin zuciyar Linux mai dogon wa'adi zai koma shekara 2 maimakon 6, kuma gajiyar masu kula na cikin dalilan da aka bayar.

Wayar da ke aljihu

A wayoyi ne giɓin masu dashe ya fi faɗi. Tecno da Infinix da itel, duka na kamfanin Transsion da ke Shenzhen, su ne wayoyin da suka cika hannun jama'a daga Keffi har Maraɗi, kuma yawancinsu ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc ke cikinsu. Akwai ayyukan sa kai irin su LineageOS da postmarketOS, wanda aka fara a 2017 da burin waya ta yi shekara 10 tana samun sabuwar manhaja. Duba jerin wayoyin da suke tallafawa sosai: Pixel, OnePlus, Xiaomi, Motorola, Samsung. Da wuya ka ci karo da tamu. Dalili ɗaya na fasaha ne, domin dashe a waya na bukatar a iya buɗe makullin farkawarta, a kuma samu asalin rubutun zuciyar da kamfani ya yi amfani da shi, kuma direbobin wasu ƙwaƙwalen a rufe suke. Ɗaya dalilin mai sauƙi ne: mai dashe wayar da ke hannunsa yake dasa wa. Yaran da ke zaune a rumfunan gyaran waya, a nan da Farm Centre ta Kano, suna yi wa waɗannan wayoyi filashin kullum, sun san cikinsu fiye da kowane injiniya a Jamus. Iliminsu yana tsayawa a rumfa.

Ba sai mutum ya iya rubuta direba ba kafin ya shiga aikin kula da Linux. Ɗauki ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan Keffi, wanda ya sa Debian ta gwaji a tsohuwar Latitude, ya tarar sauti ya ɗauke bayan sabuntawa. In ya koma tsohuwar zuciya ya ga sauti ya dawo, ya riga ya riƙe rabin amsar. Ya buga lspci ya kwafo sunan guntun sautin, ya buga dmesg ya kwafo ƙorafin da na'urar ta yi lokacin farkawa, ya rubuta zubin da ke aiki da wanda ba ya yi, ya aika. Mai kula da sashen, wanda wataƙila ya rabu da irin wannan na'ura shekara goma da suka wuce, zai turo faci ya ce a gwada. Abin da ya rasa ke nan, na'urar da mai haƙurin gwadawa, kuma su ne muke da su har sun yi yawa. Matasan Najeriya sun fara shiga ta ƙofofi irin su Outreachy da Google Summer of Code, ga kuma Open Source Community Africa da Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, sai dai ƙarfin harkar ya fi karkata Legas, kuma ya fi yawa a manhajojin intanet da ke kai mutum ga aikin dala. Ban ga laifin kowa ba, gyaran direban sauti ba ya biyan kuɗin haya.

Cikas ɗin ma na gaske ne. Faifan girka Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait 6, kuma sabuntawa na cin data duk mako, abin da jami'a za ta iya sauƙaƙawa in ta ajiye kwafin rumbun a na'urarta ɗalibai su riƙa ɗiba ta cikin gida. Harhaɗa zuciyar Linux a tsohuwar kwamfuta na iya cin sa'o'i, in wuta ta ɗauke batir kuma ya mutu, aiki ya tsaya. Mai shagon buga takardu yana da nasa uzurin da ba a isa a raina ba: katin biki da kalandar siyasa da CorelDRAW ake yin su, kuma CorelDRAW ba ta da zubin Linux. Inkscape da LibreOffice suna aiki, amma in abokin ciniki ya kawo fayil ya buɗe a karkace, ba zai saurari bayanin lasisi ba, shagon gaba zai wuce. Irin wannan shago zai zauna a Windows, da wa'adi ko babu.

Waɗanda za su iya sauyawa yanzu su ne ɗakunan kwamfuta na makarantu, inda bukatar ba ta wuce koyon bugu da shirin jarrabawar JAMB ba, da ɗalibai, da ofisoshin da aikinsu wasiƙa ne da lissafi. Mai na'ura daga Core 2 Duo zuwa sama zai iya sa Debian 13 yau. Mai Atom N270 ko Pentium M kuwa sai ya tsaya a Debian 12, wadda ta fito a Yunin 2023, kuma aka tsara ci gaba da kula da ita zuwa tsakiyar 2028.